Sabbin kamfanonin AI na Indiya: wanne ne ya isa a sa masa ido?

Injiniya_Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Duk lokacin da aka tayar da maganar ƙirƙirarriyar basira, wato AI, a nan, daga Amurka sai Chaina, kamar sauran duniya barci take yi. Ni kwanan nan hankalina Indiya ya koma, saboda damuwarsu ta fi kusa da tamu: harsuna barkatai, jama'a da suka fi son saƙon murya a kan rubutu, wayoyi masu araha, likitoci kaɗan mutane da yawa. To a cikin sabbin kamfanonin AI na can, wanne ne ke da abin a zo a gani, wanne ne kuma surutunsa ya fi aikinsa? Sunaye biyu na fi ji suna yawo, Sarvam AI da Krutrim. Waɗanda ke zaune a can ko suke bin harkar, ku fito ku ba mu haske.

Abba_Kod:
Wa'alaikumus salam Yaya Sadiq. Ai wannan ba ya buƙatar dogon bayani, Krutrim ne. A watan Janairun 2024 masu zuba jari suka ba shi dala miliyan 50, aka yi masa ƙima dala biliyan 1, shi ne kamfanin AI na farko a Indiya da ya kai wannan matsayi. Kuma mai shi, Bhavish Aggarwal, ba yau ya fara ba, shi ne ya kafa Ola mai motocin haya da babura masu lantarki.

Malam_Kabiru_Zariya:
Abba, sannu da ƙoƙari, amma ƙima daban, aiki daban. Idan mutum ya ba ka miliyan 50 ya karɓi kusan kashi 5 cikin 100 na kamfaninka, a takarda ka zama mai biliyan ɗaya ko da ba ka sayar da ko ƙwayar abu ba. Lokacin da aka yi wa Krutrim wannan ƙimar, wata guda kenan da nuna samfurinsu na farko, wato manhajar AI da aka horar irin ta ChatGPT. Sunan mai kamfanin aka saya. Da suka fitar da Krutrim-2 a farkon 2025 kuwa, a kan ginin Mistral na Faransa suka ɗora shi, kuma a cikin shekarar jaridun Indiya sun yi ta ruwaito sallamar ma'aikata da ficewar manyan shugabanni daga kamfanin. Ban ce ya mutu ba. Na ce kada ka sa shi a sahun farko don kawai lambar biliyan.

Abba_Kod:
Malam, amma ai ba wanda zai zuba miliyan 50 a banza.

Alhaji_Mai_Jari:
Yaro, ana zubawa. Har wadda ta fi haka ana zubawa.

Bintu_Bengaluru:
Ni ina karatu a Bengaluru, inda yawancin waɗannan kamfanoni suke, kuma idan za a tambaye ni Sarvam zan ce. Dalilina mutanen da suka kafa shi ne a 2023. Vivek Raghavan ya daɗe yana aiki a kan Aadhaar, wato lambar shaidar ɗan ƙasa da ta haɗa mutum sama da biliyan ɗaya. Pratyush Kumar kuma yana cikin waɗanda suka kafa AI4Bharat a jami'ar IIT Madras, cibiyar da ta shafe shekaru tana tara rubutu da muryoyi a harsunan Indiya tun kafin a san ChatGPT. A Disambar 2023 suka samu dala miliyan 41.

Abin da ba za ka gane ba sai ka zauna a nan shi ne yadda murya ke da ƙarfi. Mai shayin da ke bakin ɗakin kwananmu yana da wata 'yar lasifika a gefen tukunyarsa. Ka biya da waya, sai ta faɗa da ƙarfi cewa kuɗi kaza sun shigo, da yaren da ya zaɓa. Hannunsa na cikin kofuna, ba ya ko ɗaga kai ya duba waya. Direban keke napep ma haka, ba ya rubuta sunan unguwa, faɗa wa wayar yake yi. To Sarvam nan suka nufa: mai sauraron magana, mai mayar da rubutu murya, mai fassara, da wakilin da zai kira ka a waya ya yi maka magana da Hindi ko Tamil ko Kannada a madadin banki ko kamfanin inshora. Wannan kasuwa ce ta gaske.

Injiniya_Sadiq:
Na gode Malama Bintu. Amma me zai hana ChatGPT ko Gemini su yi wannan aikin? Ai suna jin Hindi.

Nura_Harshe:
Suna ji, amma da tsada. Bari in ɗan buɗe wannan don ya shafe mu mu ma. Waɗannan manhajoji ba kalma-kalma suke karatu ba, suna yayyanka rubutu ne gutsure-gutsure, kuma a kan kowane gutsure ake cajin kuɗi. Kalmar Turanci sau da yawa gutsure ɗaya ce ko ɗaya da ɗan wani abu. Kalmar Telugu ko Malayalam kuwa, da yake baƙaƙensu daban ne kuma ba a horar da mai yankan a kansu sosai ba, tana iya zama gutsure huɗu har takwas. Ma'ana saƙo ɗaya, mai Turanci ya biya kuɗi kaɗan, mai Telugu ya biya ninki, kuma amsarsa ta fi jinkirin fitowa. Da Sarvam suka fitar da Sarvam-1 a Oktoban 2024, ƙaramin samfuri ne mai faramita biliyan 2 (faramita ita ce ma'aunin girman samfuri) don harsuna 10, babban abin da suka yi alfahari da shi shi ne sun sauko da wannan lissafi zuwa wajen gutsure biyu ko ƙasa da haka. Idan banki zai yi kira miliyoyi a wata, wannan bambancin shi ne riba ko asara. Mu ma ƙ da ɗ da ɓ haka suke wahalar da masu yankan nan.

Sai kuma gwamutsa yare. Ba'indiye a jimla ɗaya zai sa Hindi ya sa Turanci, wani lokaci ya rubuta Hindin da baƙaƙen boko. Duk wanda ya iya magance wannan da kyau yana da abin sayarwa.

Malam_Kabiru_Zariya:
Bayanin Nura daidai ne. Sai dai don adalci, tunda na taɓa Krutrim bari in taɓa Sarvam. A Afrilun 2025 gwamnatin Indiya ta zaɓe su don su gina wa ƙasar babban samfuri nata na kanta, aka ware musu na'urorin GPU, wato injinan kwamfuta da ake horar da AI a kansu, kusan 4,000. Wata guda bayan haka suka fitar da Sarvam-M mai faramita biliyan 24, shi ma a kan Mistral Small aka gina shi, kuma a kwanakin farko masu sauke shi ba su taka kara sun karya ba. An yi ta caccakarsu a shafin X, Indiyawan da kansu. Don haka su ma sun sha nasu rabon.

Bintu_Bengaluru:
Haka ne Malam, na ga wannan rigimar. Amma ni ban ga abin kunya a gina abu a kan buɗaɗɗen samfurin wasu ba, ai don haka aka buɗe shi. Kuma yawan saukewa a ranar farko ba shi ne ma'aunin kamfanin da kwastomominsa bankuna ne da hukumomi ba.

Alhaji_Mai_Jari:
Ni duk wannan Turancin naku na faramita bai dame ni ba. Tambaya ɗaya nake yi wa kowane kasuwanci: wa ke biya? Don abin da nake karantawa, manyan na Amurka sun shigo Indiya suna rabon kaya kyauta. Airtel ta ba kwastomominta na Indiya Perplexity Pro, manhajar AI mai amsa tambayoyi, na shekara guda kyauta a 2025. OpenAI ta fito da ChatGPT Go a kan rupi 399 a wata, daga baya ta ce kyauta na shekara. Google ta haɗa kai da kamfanin sadarwa na Jio ita ma ta shiga rabon. To kai ƙaramin kamfani ka buɗe shagon sayar da ruwa, maƙwabcinka ya kafa famfo a ƙofar gida ya ce kowa ya ɗiba. Me za ka sayar?

Nura_Harshe:
Ranka ya daɗe, shi ya sa masu wayon cikinsu ba sa neman mutum ɗaya-ɗaya ya biya su. Kamfanoni suke bi. Gnani.ai tun 2016 suke yin wakilan murya ga bankuna da masu bin bashi. CoRover su suka yi AskDisha, mai amsa tambayoyin masu sayen tikitin jirgin ƙasa, kuma duk wanda ya san Indiya ya san jirgin ƙasa ba ƙaramin abu ba ne. Haptik na Mumbai kuwa tuni Reliance Jio ta saye mafi yawan hannun jarinsa a 2019.

Dakta_Hauwa:
Ina ta karantawa ina jira wani ya ambaci Qure.ai, shiru. Ku kuna can kuna faɗa a kan manhajoji masu hira, alhali kamfanin Indiya da aikinsa ya riga ya iso ƙasarmu shi ne wannan. A Mumbai yake, an kafa shi a 2016, Prashant Warier ne shugabansa. Manhajarsu mai suna qXR hoton ƙirji take karantawa ta ce akwai alamar tarin fuka ko babu, cikin ƙasa da minti guda. Indiya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu tarin fuka a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duka, Najeriya kuma ita ce kan gaba a Afirka. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa amfani da irin waɗannan manhajoji wajen tantance masu shekara 15 zuwa sama a madadin mai karanta hoto. Daga nan ƙofa ta buɗe musu.

Na yi aikin tantancewa a ƙauye da irin na'urar nan ta tafi-da-gidanka. Injin ɗaukar hoton a jakar goyo yake, a kafa shi a ajin firamare, a rataya labule. Mutum ya tsaya, ya rungume allon, a ce ja numfashi ka riƙe. Kafin ya gama ɗaura maɓallin rigarsa maki ya fito a kwamfuta, da wani jan zagaye a saman huhun dama. Wanda makinsa ya haura iyaka sai a ba shi kwalba ya kawo majina a kai ta injin GeneXpert. A da sai a tara hotunan a jira wanda zai karanta a birni, kafin amsa ta dawo mutumin ya koma rugarsu ba ka sake ganinsa.

Kada dai a ɗauka likita ce. Tsohon tabon da ya warke ma tana iya zagaye shi, shi ya sa gwajin majina ya zama dole. Amma wajen rage dogon layi zuwa mutanen da ya kamata a bincika, ta yi. Kuma @Alhaji_Mai_Jari ga amsar tambayarka: gwamnatoci ke biya, da ƙungiyoyin agaji, da asibitocin Birtaniya, da kamfanin magunguna irin AstraZeneca da ke aiki da su a kan gano kansar huhu da wuri. A Satumban 2024 sun ƙara samun dala miliyan 65.

Alhaji_Mai_Jari:
Yauwa Dakta, wannan magana ce da nake ganewa. Akwai ciwo, akwai magani, akwai mai biya. Sai dai wanda kasuwarsa ta dogara da kuɗin agaji ya ji a jikinsa da Amurka ta rufe USAID.

Dakta_Hauwa:
Wannan gaskiya ne Alhaji, aikin tarin fuka gaba ɗaya ya ji wannan girgizar, ba su kaɗai ba.

Ummu_Khalil:
Dakta don Allah me za ki ce a kan Niramai? Na ji an ce suna gwajin kansar mama ba tare da an taɓa mace ba, ba kuma wanda zai gan ta. Wallahi da yawan matanmu kunyar buɗe jiki ce ke hana su zuwa asibiti sai abu ya yi nisa. Yayar mahaifiyata haka ta ɓoye nata kusan har ƙarshe, Allah Ya jiƙanta.

Dakta_Hauwa:
Amin, Allah Ya gafarta mata. E, Niramai na Bengaluru ne, wata masaniyar kwamfuta Geetha Manjunath ta kafa shi a 2016. Kyamarar da ke auna zafin jiki suke amfani da ita, mace ta shiga ɗaki ita kaɗai ta zauna gaban na'urar, manhaja ta duba yanayin zafin ta nuna inda ake zargi. Babu taɓawa, babu matsewa. Tunanin ya dace da al'umma irin tamu ƙwarai. Amma 'yar'uwa ki riƙe wannan: hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta sha gargaɗin cewa hoton zafin jiki ba ya maye gurbin mamogiram, wato hoton mama na asibiti. Gwajin share fage ne. Duk wadda ta ji ƙullutu, ko me wata na'ura ta ce, ta je a duba ta.

Abba_Kod:
To ni kun ƙi Krutrim, ga Perplexity nan. Aravind Srinivas ɗan Chennai ne, a IIT Madras ya yi karatu. Ƙimar kamfaninsa ta ninka ta su Sarvam sau nawa.

Bintu_Bengaluru:
Abba, Perplexity kamfanin San Francisco ne. Idan asalin mai kamfani za a bi, ai Google da Microsoft ma sai mu ce na Indiya ne tunda Sundar Pichai da Satya Nadella ke shugabantarsu.

Malam_Kabiru_Zariya:
Amma Abba ya taɓo wani abu ba da niyya ba. Ina iyakar kamfanin Indiya take? Uniphore a Chennai aka haife shi a 2008, a ƙarƙashin inuwar IIT Madras, yau hedikwatarsa na Palo Alto. Yellow.ai a Bengaluru ya fara a 2016, hedikwata ta koma San Mateo. Injiniyoyi na Indiya, rajista da kwastomomi masu biyan dala na Amurka. Wannan shi ne ciwon da ke damun su kansu: da zarar yaro ya yi ƙarfi sai ya bi inda kuɗi suke. Rephrase.ai ma da ke yin bidiyon mutum yana magana daga rubutu, Adobe ta saye shi a ƙarshen 2023.

Dan_Funtua:
Ku yi haƙuri zan karkatar da ku gona kaɗan. Mu 'ya'yan manoman auduga abin da ya ja hankalina shi ne CottonAce ta Wadhwani AI. Akwai wata tsutsa mai ruwan hoda da ke shiga cikin ƙwallon auduga ta cinye shi ta ciki, kafin ka gani ta gama ɓarna. Manomi zai kafa tarko mai ƙamshin da ke jawo malam-buɗe-littafin tsutsar, ya zazzage abin da ya kama a kan farar takarda, ya ɗauki hoto da waya. Manhajar ta ƙirga su ta ce masa ya yi feshi ko ya dakata. Mahaifina duk shekara feshi yake yi da ka, ko akwai ƙwari ko babu, kuɗin magani ya cinye ribar. Akwai kuma Plantix da nake amfani da ita wajen gane cutar ganye, ita ma tasu ce.

Nura_Harshe:
Gyara biyu ɗan'uwa. Plantix ta Jamus ce, a Indiya ne dai ta fi samun masu amfani da ita. Wadhwani AI kuma cibiya ce da ba ta neman riba, ba kamfanin kasuwanci ba. In kamfanonin noma kake nema, ga Cropin da ke Bengaluru tun 2010, mai duba gonaki ta tauraron ɗan'adam, ga Fasal mai kafa na'ura a gona tana auna damshin ƙasa ta gaya maka lokacin ban ruwa. Sai dai ita Fasal masu inabi da rumman da sauran kayan lambu masu tsada suka fi amfana, ba mai hekta ɗaya ta dawa ba.

Dan_Funtua:
Ko ta neman riba ce ko ba ta nema, ni dai tsutsar ta mutu.

Mai_Fassara_KN:
Hhhh Ɗan Funtua ka gama magana. Ni kuma ta wajen sana'ata abin ya zo mini. Aikina sa murya a finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa. Wanda bai taɓa yi ba ba zai san wahalar ba: jarumi ya buɗe baki na daƙiƙa uku, kai kuma maganar da za ta fito da ma'anar a Hausa tana cin daƙiƙa biyar. Ka rage, ka sake, ka haɗiye rabin kalma, har dare ya raba kana kan fage ɗaya. Yanzu akwai wani kamfani a Bengaluru, NeuralGarage, da ya juya abin: maimakon ka bi bakin jarumi, manhajarsu VisualDub ce ke gyara laɓɓansa da haɓarsa su bi muryarka. Akwai Dubverse kuma masu sa muryar da kanta. Da yake fim ɗaya a can ana fitar da shi da Hindi da Tamil da Telugu da wasu, kasuwar na nan a ƙofar gidansu. Na farkon ina maraba da shi. Na biyun kuwa tuwona yake nema.

Ummu_Khalil:
Kwantar da hankalinka Malam, barkwancin da kuke sakawa a ciki babu na'urar da za ta iya. Mu ai don shi muke kallo.

Mai_Fassara_KN:
Allah Ya sa haka Hajiya. Amma mai situdiyo lissafin kuɗi yake yi, ba lissafin dariya ba.

Sani_Sabon_Gari:
Ni fa duk ban yarda da su ba. Ba wani kamfaninsu ne aka kama yana cewa AI ce ke rubuta manhaja, ashe injiniyoyi 700 ne a ɓoye suke bugawa da hannu ba?

Malam_Kabiru_Zariya:
Builder.ai kake nufi, Malam Sani. A Landan hedikwatarsa take, kodayake yana da ma'aikata da yawa a Indiya. Ya durƙushe a Mayun 2025 duk da cewa Microsoft da asusun zuba jarin Katar suna cikin waɗanda suka sa masa kuɗi. Abin da ya kayar da shi shi ne cinikin da ya nuna a takarda ya zarce na gaskiya nesa ba kusa ba, masu bin bashi suka kwashe abin da ke asusu. Labarin mutum 700 da ke kwaikwayon na'ura kuwa ya yaɗu sosai, amma tsofaffin injiniyoyin kamfanin sun musanta shi a yadda ake ba da shi. Ga shi Abba, kai da ka ce ba a zuba kuɗi a banza: wannan sama da dala miliyan 400 ya tara.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum 'yan uwa, daga Maraɗi nike. Ni wanda ya burge ni ba a ambace shi ba, Karya. Su ba su gina babbar na'ura, murya suke tarawa. Mutanen karkara, mata da yawa a ciki, suna karanta jimloli da yarensu a waya ana biyan su. Mujallar TIME ta yi rahoto a kansu a 2023, ta ce mafi ƙarancin abin da suke biya dala 5 ne a awa, wanda ya ninka mafi ƙarancin albashin can sau da yawa. Kuma in an sake sayar da muryar ga wani kamfani, mai ita yana ƙara samun rabonsa. Manu Chopra da Vivek Seshadri suka kafa shi, daga wani bincike na Microsoft ya samo asali. Mu nan an taɓa zuwa an ɗauki muryoyinmu don wani aiki, aka ba mu katin waya, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba.

Nura_Harshe:
Malam Issoufou ka kawo mu gindin maganar. Duk kamfanonin murya da muka lissafa a kan irin wannan tarin suke tsaye. Gwamnatinsu ta buɗe Bhashini, dandalin fassara da tara murya, a 2022 don harsuna 22 da tsarin mulkinsu ya lissafa. Attajiri Nandan Nilekani na kamfanin fasaha Infosys ya sa kuɗinsa a AI4Bharat. Cibiyar kimiyya ta IISc da Google suna aikin Vaani, suna bin gundumomi 773 suna naɗar yadda mutane ke magana a kowace. Sannan a Maris 2024 aka amince da shirin IndiaAI na sama da dala biliyan 1, kaso mafi girma a cikinsa don sayen lokacin GPU a ba kamfanoni da ɗalibai da rahusa. Bayan Sarvam gwamnati ta ƙara zaɓar kamfanonin Soket da Gnani da Gan AI. Wato ƙaramin kamfani a can ba daga fili yake farawa ba. A Najeriya an fitar da samfurin N-ATLaS a Satumban 2025, wanda kamfanin Awarri suka gina da gwamnati, da Hausa a ciki. Mafari ne, amma tarin muryar da ke ƙarƙashinsa bai kama ƙafar nasu ba.

Abba_Kod:
Ni abin da ke ba ni haushi, a 2023 da Sam Altman, shugaban OpenAI mai ChatGPT, ya je Indiya aka tambaye shi ko ƙaramar tawaga mai dala miliyan 10 za ta iya gina irin nasu, ya nuna ba su da wani fata. Sai ga DeepSeek ta Chaina a Janairun 2025 ta girgiza kowa. Me ya hana Indiya yin irin wannan da duk injiniyoyinta?

Malam_Kabiru_Zariya:
Wannan tambayar su ma ita suka yi ta yi wa kansu a wancan watan, ita ce ma ta sa gwamnati ta gaggauta kiran kamfanoni su kawo tayi. DeepSeek tana da kamfanin hada-hadar kuɗi a bayanta da ya riga ya tara dubban GPU shekaru kafin nan. Manyan kamfanonin fasaha na Indiya kuwa, irin su TCS da Infosys da Wipro, da aikin kwangila suka yi arziki, ba su saba zuba kuɗi a binciken da ba a san ranar ribarsa ba. Nilekani kansa ya sha cewa Indiya ta bar wa wasu tseren manyan samfura ta mayar da hankali kan amfani da su. Wasu na ganin hikima ce, wasu na ganin sallamawa ce tun kafin a fara.

Bintu_Bengaluru:
A ajinmu ma an rabu biyu a kan wannan. Masu cewa a gina na gida hujjarsu ita ce ranar da aka hana ka GPU ko aka rufe maka hanya, me za ka yi? Shi ya sa nake ganin a sa ido a kan masu hayar GPU ɗin ma, kamar Neysa ta Sharad Sanghi a Mumbai da Yotta. Ko wa ya ci tseren, sai ya biya su.

Injiniya_Sadiq:
Kai jama'a, na zo da sunaye biyu kun cika mini takarda. Yadda na fahimta zuwa yanzu, Qure.ai ce ba wanda ya yi jayayya a kan aikinta, Sarvam kuma da abin da suka yi da GPU ɗin gwamnati za a auna su. Amma Malam Kabiru har yanzu ba ka faɗi naka zaɓin ba, suka kawai kake yi.

Malam_Kabiru_Zariya:
Sukar ma aiki ce, Injiniya. In dole sai na zaɓa, Qure da Gnani, don duka biyun sun kusa shekara goma suna sayar da abu ɗaya ga masu biya. Sarvam ina kallo, ban saki jiki ba.

Alhaji_Mai_Jari:
Ni masu hayar injin nan da Bintu ta faɗa suka fi kwanta mini.

Abba_Kod:
Za ku dawo ku same ni a kan Krutrim.

Mai_Fassara_KN:
@Nura_Harshe tambaya ta gefe. Ita VisualDub ɗin nan, tunda motsin baki take gyarawa ba fassara take yi ba, ke nan ba ruwanta da yaren da aka sa? In na ba ta muryata da Hausa za ta bi?

Nura_Harshe:
A ƙa'ida sauti take bi ba ma'ana ba, don haka ya kamata. Inda zan so a gwada shi ne ɓ da ƙ, da kalmomi irin ƙwarya da gwangwani inda laɓɓa ke zagayewa. Sai dai da manyan situdiyo da kamfanonin talla suke hulɗa, ba manhaja ba ce da za ka sauke a waya yau da dare. Ka yanko fage na daƙiƙa 30 wanda fuskar jarumi ke kusa, ka haɗa da muryarka, ka tura musu ta shafinsu ka ji farashin da za su faɗa.